TAKARDAR JAMI'A KAƊAI BA TA CIYAD DA GIDA

Iyayena da 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa.

Da yawanku kun sayad da akuya, waɗansu har gona, don ɗa ya shiga Jami'a. Ga shi ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana zaune a zaure. To, mene ne ya faru?

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, masu digiri 'yan kaɗan ne, aiki ke neman mutum. Yau jami'o'i sun yi yawa, kujerun ofis kuwa ba su isa ba. Mai ɗaukar aiki ba ya tsayawa ga takarda, tambayarsa ita ce, "Me ka iya?" Ga abu huɗu da ya kamata yaranmu su iya.

Na fari, harshe. Nijar, da Chadi, da Kamaru, da Binin, duk ana ciniki da Faransanci a cikinsu. Fatakenmu na Kantin Kwari suna sayo kaya a Dubai da ƙasar Sin, suna biyan tafinta. Yaron da ya iya Faransanci ko Larabci, ya kuma iya rubuta wasiƙar ciniki da Turanci mai kyau, wannan kuɗin aljihunsa za su shiga.

Na biyu, lissafi da kwamfuta. Kun tuna ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Wanda ya iya karɓar kuɗi ta waya ya ci kasuwa, wanda bai iya ba ya wuni yana kallon kayansa.

Na uku, sanin sharuɗɗan masu saye na waje. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Asarar ta faɗa kan manomi da ɗan kasuwa. Ɗan da ya san yadda ake adana wake da riɗi da zoɓo, a gwada su, a cika takardun fita, lalle Dawanau tana bukatarsa.

Na huɗu, amana da cika alkawari. Mai saye a wata ƙasa bai san mahaifinka ba, abin da ya sani ranar da ka ce kaya za su iso. In ka saɓa sau ɗaya, ya koma wajen wani.

Saboda haka, ya ku iyaye, in an yi hutu ku kira ɗanku rumfa, ya riƙe muku littafin ciniki, ya yi magana da baƙi. Kada ya ce ya fi ƙarfin kasuwa, da kuɗinta aka biya masa makaranta. Ku kuma samari, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ku tambayi malamanku abin da za ku yi da kowane darasi in kun fita.

Allah ya sa wahalarmu kada ta tafi a banza. Amin.