Kafireta Da Birkin Baya: Jawabi Ga Manoma Masu Tsohuwar A-kori-kura

An yi girbi, an cika buhuna, masu lambu kuma tumatir ya fara nuna. Abin da ya rage shi ne kai kaya kasuwa, kuma a ƙauyuka da yawa mai wannan aiki ita ce tsohuwar a-kori-kura, wato Peugeot 404 ko 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Waɗansu cikinsu sun girmi masu tuƙa su. Ɗan'uwa manomi, in kana da irin wannan mota, ko kun haɗa kuɗi kun saya a ƙungiyance, akwai wurare biyu da nake so ka duba kafin ka ɗora mata buhu ko ɗaya: kafireta, da birkin baya. In kafireta ta ƙi, kwandunan tumatir za su kwana a hanya su ruɓe. In birki ya ƙi kuwa, maganar ta wuce tumatir.

Bari mu fara da kafireta. Aikinta gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Fetur yana taruwa a wani ɗan kwano, a ciki akwai fulot mai iyo bisa mai, shi ke tura wata 'yar allura ta rufe ƙofar mai idan kwanon ya cika. Daga nan mai yana bi ta waɗansu ƙananan ramuka na tagulla da makanikai ke kira jet. Ramin jet bai fi tsinin allura da yawa ba, saboda haka ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. To, ka tuna ƙurar hunturu, ka tuna hanyar gonarku, ka tuna kuma man da kake saye a galan a bakin hanya, wanda wani lokaci da ruwa ko laka a gindinsa.

Motar da kanta za ta gaya maka ciwonta. In ta ƙi silo, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, yawanci jet ɗin silo ne ya toshe. In tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ke nan: ko matacin iska ya cika da ƙura, ko cok ya maƙale a rufe, ko fulot ya huje ya nutse. In kuwa tana tari ta bakin kafireta, inji yana saurin zafi, mai ne ya yi kaɗan, ko iska tana sata ta gindin kafireta inda fakin ya yage. Fara da duba matacin iska. Sau da yawa akan kwance kafireta a banza, alhali laifin na matacin ne.

In ta kama a kwance, a yi da rana, a fili, nesa da murhu. Ba sigari, ba fitilar kwai. Cire wayar batir tukuna. Shimfiɗa tsabtataccen buhu ko faranti, duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi yadda ya fito, don ranar mayarwa kada ka tsaya kana zato. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya taɓa kome. Wanke kwanon da fetur mai tsabta, ka fitar da jet da sukuddireba wadda ta yi daidai da bakinsa, ka hure shi da famfon taya, ka ɗaga shi sama ka ga haske ta cikinsa. Kada ka zura masa allura ko waya. Na san ana yi, amma tagulla tana da laushi, ramin zai ƙara faɗi, daga ranar motar ta zama mashayiya. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 ba sai na gaya maka abin da wannan ke nufi ga aljihunka ba.

Girgiza fulot kusa da kunnenka. In ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje, sai sabo. Sa sabon fakin, kada ka maida tsohon da ya bushe. Sukurun daidaita silo kuma, ka murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ba da ƙarfi ba, sa'an nan ka dawo da shi wajen zagaye ɗaya da rabi ko biyu. Ta da inji, bari ya yi zafi, ka riƙa juya sukurun kaɗan kaɗan har ka ji ƙarar ta daidaita. Af, kafin in manta, injin ban ruwa na fadama mai shan fetur shi ma irin wannan kafireta gare shi, ƙarama. Idan aikin rani ya ƙare, rufe famfon mai ka tsiyaye kwanonta kafin ka ajiye, don man da ya daɗe a ciki yakan bushe ya zama kamar ƙaro.

Yanzu sai birki, kuma a nan ina roƙonka ka natsu. Birkin baya na waɗannan motoci irin mai ganga ne. Ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya, a cikinta akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, an manna musu layinin. Idan ka taka birki, man birki yana tura wata 'yar silinda, ita kuma ta buɗe shu su matse cikin gangar. Mota ba kaya, birkin gaba ne ke yin yawancin aikin, shi ya sa mutum zai yi wata da watanni bai san na baya ya mutu ba. Ranar da aka loda masara har sama, nauyi ya koma baya, aka zo gangara, ran nan ne ake sani.

Tsai da mota a wuri mai daidai, sa ta a giya, ka tokare tayoyin gaba da duwatsu. Ɗaga ta da jak, sa'an nan ka sa mata gungumen itace mai ƙarfi a ƙarƙashi. Kada ka amince da jak shi kaɗai. Saki birkin hannu, in ba haka ba gangar ba za ta fito ba. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka kwance ɗayan, don in sifirin ya rikice maka ka leƙa wancan ka ga yadda yake zaune.

Ƙurar da za ka tarar a ciki, kada ka hure ta da baki ko da famfo. Tsofaffin layinin da yawa an yi su da asbestos, wanda in ana shaƙarsa yana lalata huhu bayan shekaru. Jiƙaƙƙen tsumma za ka sa ka goge, ka jefar da tsumman. Dubi kaurin layinin: in ya kusa milimita 2, ko ƙusoshinsa sun fara gogar ganga, a sake. Kuma a sake na tayoyin biyu tare, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho, mota za ta riƙa fizga gefe. Ɗaga robar bakin silinda, in ka ga danshin mai, tana yoyo, a canja ta. Layinin da ya sha mai ya tashi aiki. Waɗansu sukan gasa shi a wuta wai man ya fita, to da ya yi zafi a hanya man da ya rage zai sake fitowa. Gangar da ta yi zurfin zane kuwa a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su dube ta, in ta yi sirara a nemi wata.

Bayan an mayar, a daidaita shu har ka ji ya kama taya, sa'an nan a sassauta kaɗan yadda za ta juya da hannu. In an buɗe hanyar mai, dole a fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka birki ya riƙe, ɗaya yana buɗe ɗan sukurun bayan silinda ya rufe, ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta, ana kuma lura kada kwanon mai ya ƙafe. Man birki kaɗai za ka zuba, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwani mai rufi. Baƙin mai yana kumbura robobi, ruwan sabulu kuwa da waɗansu ke zubawa in sun rasa mai a daji yana tafasa, ya kuma ci ƙarfe. Man birki kansa yana shan danshi, saboda haka a sake shi duk bayan shekara biyu.

Wanda bai taɓa yin aikin birki ba, ya kira bakanike na farko, ya tsaya kansa yana kallo yana tambaya. Kafin a loda kaya, taka birki da ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti. In feda tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji, kada motar ta fita. In ta tsaya cik, gwada ta a hankali a filin ƙauye inda ba yara. A gangara ka sauko da ƙaramar giya, kada ka ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama har ƙasa, gangar za ta yi zafi ta daina kamawa. In kuma kun ƙetare rafi, taka birki kaɗan kaɗan kana tafiya har layinin ya bushe, sa'an nan ka ƙara wuta.