Suna da Mai Suna



Sabon Garin Zariya ya haura shekara 100, amma ba mai ce masa Tsohon Gari. Ashe suna ba siffantawa ba ne. Bertrand Russell ya ɗauki suna a matsayin taƙaitaccen bayanin mai shi. Saul Kripke ya musanta haka a laccocinsa na 1970, ni kuwa ina bayansa: suna raɗa shi ake yi, sa'an nan ya bi baki baki.

Ku dubi mutumin da jami'armu ta ci sunansa. Da bai zama Firimiya a 1954 ba, da “Firimiyan Arewa” wani ne dabam. Amma “Ahmadu” yana nan a kan jaririn da aka raɗa wa shi a Rabah, ko da noma ya yi har ƙarshen ransa.