Tambayar Yaro Ba Rashin Kunya Ba Ce

A 2006 masana taurari suka cire Fuluto daga duniyoyi tara masu kewaya rana, saura takwas, domin an gano wasu irinta can nesa. Neil deGrasse Tyson, masanin Amurka mai amsa tambayoyin jama'a, tun tuni yake cewa ba ta kai ba. Masoyansa suka rabu biyu, har 'yan firamare suka aika masa wasiƙun ƙorafi. Bai raina su ba, ya sa wasu a littafinsa na 2009. To uwargida, in ɗanki ya yi tambaya, kada ki ce "rufe mini baki". Saurare shi, ku bincika tare. Sai mako mai zuwa.