BAYAN RUWA YA JANYE

Jawabi ga jama'a a kan zaman iyali da riƙon addini bayan ambaliyar Maiduguri



A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga watan Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta ɓalle saboda ƙarfin ruwan damina. Ruwa ya kwararo cikin gari mutane suna barci. Ya shiga unguwannin Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin, ya mamaye babbar kasuwar garin, ya taɓa fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Hatta gidan namun daji na Sanda Kyarimi bai tsira ba, don yawancin dabbobin da ke ciki sun halaka. An yi asarar rayuka, kuma mutanen da suka bar muhallansu sun haura 400,000. Rabon garin da ganin ruwa irin wannan tun shekarar 1994, watau shekara 30 cif.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ruwan ya kora sun taɓa yin gudun hijira, sa'ad da rikicin Boko Haram ya raba su da garuruwansu. Sansanin Bakassi, wanda aka rufe a shekarar 2021, dole aka sake buɗe shi. Mutum ya tashi daga faɗuwa, bai gama kaɗe rigarsa ba, sai ga shi a ƙasa kuma.

Gwamnatin Jihar Borno, da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, da sojoji, da ƙungiyoyin agaji, da attajirai, da talakawan da suka shiga ruwa da kwale-kwale, kowa ya yi bakin ƙoƙarinsa. Amma buhun shinkafa yunwa yake magani. Firgitar da ta shiga zuciya kuwa, wadda ke sa dattijo ya farka tsakar dare don ya ji ana yayyafi a kan kwano, maganinta yana wani wuri dabam, kuma yawancinsa yana hannun iyalin da abin ya shafa.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa bala'i yakan ƙwace wa mutum tsarin yininsa tare da dukiyarsa. Mai gida ba kasuwar zuwa, uwar gida ba murhu, yara ba makaranta. Safe da yamma sun zama ɗaya, sai zama da tunani. Saboda haka duk abin da zai mayar wa yini da iyakokinsa, ko da ƙarami ne, yana rage wa zuciya kaya.

A nan ne salla ta zama gata ga Musulmi. Ruwa ya tafi da agogon bango, amma asuba da azahar da la'asar da magariba da lisha suna nan inda suke. Wanda ya tashi ya tsaya a sahu sau biyar ya raba dogon yininsa kashi biyar, kowane kashi mai ɗaukuwa. A sahun nan kuma yake ganin maƙwabcin da ya ɗauka ya ɓace, a nan yake jin inda aka ga ƙanensa, a nan ake sanar da jana'iza. Shari'a kuwa ta yi sauƙi a irin wannan hali. Ruwan ambaliya da ya gauraya da ƙazantar shadda da kwata, har launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sāke, ba a alwala da shi. In ɗan ruwa mai tsabta da ke hannu na sha ne kawai, sai a bar wa yara su sha, a yi taimama. Ya kamata malamai su riƙa bayyana wannan a fili a sansani, don akwai bayin Allah da ke zaune cikin damuwa suna zaton sallarsu ba ta karɓuwa.

Haka al'amarin yake ga 'yan'uwa Kirista, waɗanda ke da yawa a Borno, musamman 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Addu'ar iyali da sassafe, da waƙar yabo wadda yara suka haddace tun suna ƙanana, da taron sujada ran Lahadi ko da a ƙarƙashin itace ne, duk suna tuna wa mutum cewa yana da jama'a, kuma mako yana da farko da ƙarshe. Ruwan bai tambayi addinin kowa ba da ya shiga gidaje, masu ceto ma ba su tambaya ba.

Sai maganar tukunya. Dafaffen abincin da ake rabawa a layi ya ceci rayuka a kwanakin farko, ba mai musun haka. Amma ranar da uwar gida ta sami duwatsu uku da ƴan itace, ta dafa burabusko ko tuwo da miyar kuka da hannunta, ta zuba wa mai gida nasa, yara suka kewaye akushi ɗaya, ran nan iyalin ya koma iyali. Ita kanta ta tashi daga mai miƙa kwano ta koma mai rabawa. Wannan ne dalilin da ya sa, da zarar hali ya yi, ba da tsabar hatsi da tukunya da gawayi ya fi ba da dafaffe daraja.

Yara su ne abin dubawa ƙwarai, domin ba su iya faɗin abin da ke damunsu. Wani yaro ya daina fitsarin kwance tun tuni, sai ya koma yi. Wani ya manne wa zanen uwarsa, wani ya riƙa razana cikin barci, wani ya zama mafaɗaci. Duka ba ya gyara wannan, ƙara shi yake yi. Abin da ke gyara shi ya fi sauƙi: lokacin kwanciya ya zama ɗaya kullum, kaka ta ci gaba da tatsuniyarta da dare, a aiki yaro ɗebo ruwa ko riƙon ƙanensa kamar yadda aka saba, a bar shi ya yi wasa da tsaransa. In ya yi tambaya a ba shi amsa ta gaskiya daidai hankalinsa. Borno ƙasar Alƙur'ani ce tun zamanin sarakunan da. Ruwa yana iya wanke tawadar allo, amma haddar da ke ƙirji tana nan, kuma malami ɗaya da inuwa ɗaya sun isa a buɗe karatu. Haka nan makarantar boko, a mayar da yaro da zarar an buɗe, ko ba riga ko ba littafi.

Akwai kuskure guda biyu da ake yi da sunan addini, ya wajaba a faɗe su. Na farko, a tarar da wanda ya rasa ɗa ko gida yana hawaye, a ce masa ya yi shiru, wai kuka rashin tawakkali ne. Ba haka malamai suka karantar ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganar saɓo. Na biyu ya fi muni, watau mutum ya zauna a busasshen gidansa ya yanke hukunci cewa zunubin mutanen wuri kaza ne ya jawo musu. Wa ya ba shi wannan ilmi? Yarda da ƙaddara kuma ba ta ɗauke wa hukuma nauyin kula da madatsun ruwa, ba ta ɗauke wa jama'a nauyin barin gini a kan hanyar ruwa da zuba shara a magudanai. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, kuma haƙƙin 'yan ƙasa ne su sa ido su ga aikin ya yi ƙarko.

Yawancin mutane sukan sami sauƙi da kansu sannu a hankali. Amma wanda ya yi makonni ba barci, ko ya ƙi abinci, ko ya daina magana da mutane, ko ya fara faɗin gara ya mutu, wannan a kai shi ga likita ba da jinkiri ba. Akwai Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Maiduguri, akwai irinsa a Kaduna da Sakkwato da wasu jihohi. A haɗa addu'a da magani, kuma ba abin kunya a ciki. Maza sun fi ɓoye irin wannan ciwo, don haka matansu da abokansu su lura.

Ranar komawa gida ma tana da ƙa'ida. A duba bango tukuna, musamman ginin ƙasa da ya sha ruwa, a duba wayoyin lantarki, a bincika lungu saboda macizai. Kada a sha ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an yashe ta an sa magani, ruwan sha kuwa a tafasa shi, don a watan Oktoba na 2024 cutar amai da gudawa ta ɓulla a Borno bayan ruwan. Wanda zawo ya kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a garzaya da shi asibiti. In an kwashe laka an shanya tabarmi, matan Borno sun san sauran aikin: a ɗebi garwashi a kasko, a zuba turaren wuta, a zaga da shi ɗaki ɗaki har warin danshi ya fita. Sa'an nan a aiki yaro gidan maƙwabta ya gaya musu an dawo, a ji ko su ma sun dawo lafiya.