Lemun garkarmu: a tsinke shi da kula, a rage wa gida rabonsa



Idan sanyi ya shigo, itatuwan lemu na bakin Gulbin Maraɗi kan sunkuya da ƴaƴa, ƴan sari kuma su yi ta zarya. A daidai wannan lokaci, a gidajen likita muna ganin yara da mata masu juna biyu da ke fama da ƙarancin jini. Waɗannan abubuwa biyu suna da alaƙa.

Gero da wake da zogale suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, amma kaɗan hanji ke iya tsotsa daga abincin tsiro. Bitamin C shi ke taimaka masa ya tsotsi fiye da haka. A giram 100 na lemun zaƙi akwai kusan miligiram 50 na wannan bitamin, alhali bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da FAO, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 30 yake buƙata a rana, mai shayarwa kuma 70.

Kai mai garka, ka sani lemu ba kamar mangwaro ba ne: idan ya rabu da uwarsa ba ya ƙara nuna. Wanda aka cire ɗanye haka zai zauna da tsaminsa. Kada launi ya ruɗe ka, domin a ƙasa mai zafi lemu kan nuna ɓawonsa yana kore. Ɗauki ɗaya ka ji nauyinsa a hannu, ka yanka ka ɗanɗana kafin ka sa ranar tsinka.

Kada ka girgiza reshe ko ka kakkaɓe shi da sanda. Lemun da ya bugi ƙasa yakan ji rauni, kuma ta raunin ruɓa ke shiga har ta kama na kusa da shi a kwando. Yanke shi da almakashi dab da gindinsa, don kada tsinken ya soki ɗan uwansa. Jira raɓa ta bushe tukuna, ka shimfiɗa ganye a kwando, ka ajiye a inuwa.

Kafin ɗan sari ya loda kaya zuwa kasuwar Maraɗi, ware wa gidanka rabonsa. Kuɗin da kwano ɗaya zai kawo bai kai abin da jinyar yaro ke ci ba.

Ke kuma uwa, ki wanke lemu da hannunki kafin ki yanka. Ki matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗon zogale bayan an sauke, saboda wuta na lalata bitamin C. Ki raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar ƙarfe. Jariri kafin wata 6 nono kaɗai ya ishe shi. Bayan haka ki fara ba shi tsokar lemu kaɗan, kin cire ƙwaya.

Lemu ba ya maye gurbin magani. Yaron da tafin hannunsa ya yi fari, ko ƙafarsa ta kumbura, ko yake ramewa, a kai shi gidan likita a ranar.

Allah ya yi wa garake albarka, ya raya mana yaranmu.