Taswirar Ambaliyar Jakara: Jawabi ga Mutanen Unguwa

   

Abin da ya tara mu shi ne rafin Jakara, da wata takarda da ake kira taswirar ambaliya. Ita ce ke nuna iyakar inda ruwa yake kaiwa idan rafi ya cika ya tumbatsa: wane layi yake fara shanyewa, ina ruwan yake tsayawa a gwiwa, ina yake kai ƙirji, wace hanya ce ba ta toshewa idan za a fitar da yara da tsofaffi cikin dare. Ita ya kamata hukuma ta duba kafin ta ba da izinin gini ko ta yanke girman kwalbati.

To, taswira tana tsufa. Jakara tana nan a kan hanyarta, daga cikin birni ta ratsa Fagge, ta haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ta zube a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Amma ƙasar da take ratsawa ta sauya. Dattawan da ke zaune a nan sun san kududdufai nawa ne a wannan yanki lokacin ƙuruciyarsu. Su ne ke riƙe ruwan sama har ya tsane a hankali. Yau an cike yawancinsu da bola, an yanka fuloti, an yi gini. Awon igiya ya ci har bakin rafi. Tsakar gidan da ƙasa ke shan ruwa a da, yanzu siminti ne, duk abin da ya sauka sai kwata. An kuma rufe wani sashe na rafin an ɗora titin Wuju-Wuju a kai, aikin da aka fara a mulkin Kwankwaso na biyu, ruwa kuwa ba ya gudu a rufaffiyar magudana yadda yake yi a buɗaɗɗen kwari, balle leda da yashi sun cushe ta. Yin aiki da tsohuwar taswira a wannan hali kamar a ɗinka wa ango riga ne da awon da tela ya ɗaukar masa yana ɗan shekara bakwai.

Wa ke da alhakin sabunta ta? A nan gizo ke saƙar. Hukumar NiMet ce ke hasashen damina. NIHSA ce ke lura da koguna, kuma kowace shekara tana fitar da hasashen ambaliya. A Kano, KNUPDA ke ba da izinin gini, KANGIS ke riƙe da bayanan filaye, SEMA ke kawo ɗauki idan abin ya faru, ga ma'aikatar muhalli, ga ƙaramar hukuma. Kowa da guntun da ke hannunsa. In ba su zauna wuri ɗaya sun haɗa ba, sai wannan ofis ya ce wuri hanyar ruwa ne, wancan kuma ya buga masa hatimin gini. Hasashen da ke zuwa daga Abuja yana faɗin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, amma ba zai gaya wa Hajiya cewa lungunta ne zai fara cika ba.

Wannan guntun a hannunmu yake. Masu awo suna da hoton tauraron ɗan'adam da na'urar auna tudu da kwari, amma ba sa nan ranar da aka kwana ana kwarfe ruwa da bokiti. Mu ne muke nan. Shatin da ruwa ya bari a bangon soro shaida ce. Bidiyon da ke cikin wayoyinku na watan Agustan bara, mai ɗauke da kwanan wata, shaida ne. Tsohuwar da za ta ce "nan da kuke gani, da can kwari ne, har kifi ake kamawa" ta ba injiniya abin da na'urarsa ba za ta ba shi ba.

Na san abin da ke ran wasu, gara in faɗa: tsoron rusau. Wani yana cewa in ya nuna shatin bangonsa, gobe jan fenti zai gani. Ba zan ɓoye muku ba, taswira tana iya sa a hana sabon gini a wani wuri, tana iya karya darajar wani fuloti, dillalai kuwa ba za su so ta ba. Amma ita kanta ba umarnin rushe gida ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyyar abin da mutum ya gina a kai. Saboda haka kowa ya adana takardunsa a wuri mai tudu, cikin leda. Wanda kuma ya shafe shatinsa da fenti, abin da zai jawo shi ne a rubuta layinsa lafiya lau, a yi masa ƙaramar kwata, a kai babbar wani wuri.

Akwai wata magana da za ku ji a bakin injiniyoyi, "ambaliyar shekara ɗari". Kada wani ya ɗauka in ta zo bana an huta sai jikoki. Nufinsu, kowace damina akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ta zo. In ka zauna a gida shekara 30, lissafin ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Mutanen Maiduguri sun ga ambaliyar madatsar Alau a 1994, ta sake zuwa a watan Satumban 2024, lokacin da yaran da aka haifa bayan ta farko sun zama magidanta, da yawansu ba su taɓa ganin ruwa a inda ya kai ba. Mu ma nan Kano, masu shekaru suna tuna ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Allah ya kiyaye gaba.

Ga shawarar da nake kawowa, in Mai Unguwa ya amince. A kafa ɗan kwamiti, da dattawa da mata da matasa, su bi layi-layi su auna tsayin shati daga ƙasa, su rubuta shekarar, su tattara hotuna. A rubuta takarda ta hannun Mai Unguwa zuwa ga Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a nemi su kira hukumomin nan su zo su auna tare da mu. Mu kuma sa sharaɗi ɗaya a ciki: idan an gama, a kawo mana taswirar da bayani da Hausa, a manna ta a ƙofar gidan Mai Unguwa kafin a buga mata hatimi, don wanda ya ga an tsallake layinsa ya yi magana tun da sauran lokaci.

Masu son shiga kwamiti su ba da sunansu bayan sallar magariba. Yanzu kuma, mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren iyaye mata.