Jawabi Kan Jinya Mai Tsawo Da Neman Abinci A Gida Ɗaya

 

 Maganarmu ta yau a kan gidajen nan ne na Sabon Ibadan inda miji ko mata ke kwance da ciwon da ba ya tashi da wuri, kamar shanyewar ɓarin jiki ko ciwon suga ko na ƙoda, ɗayan kuwa shi ne mai jinya, shi ne kuma mai neman abin sawa a tukunya.

A can gida Arewa, in ciwo ya daɗe akwai gwaggo, akwai inna, akwai matan wa da na ƙane a tsakar gida ɗaya. Mu kuwa, ko da yake unguwar nan ta kafu tun 1916, da yawanmu danginmu suna Kano ko Katsina ko Sakkwato, tafiyar yini guda cur a mota. In 'yar'uwa ta zo ta yi mako biyu, to ta yi ƙoƙari.

Ku dubi mai tuyar ƙosai da mijinta ya shanye. Kafin kiran asuba ta tashi, ta gyara shi, ta sauya shimfiɗa, ta taimaka masa ya yi alwala ko taimama, ta ba shi magani, sannan ta hura wuta. Ma'aikatan asibiti sun ce a riƙa juya irin wannan majinyaci kamar duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu. To mai a kasko ba ya jira, mai saye a ƙofar gida ma ba ya jira. Haka namijin da ya dawo da huhunan goronsa zaure don kada ya yi nisa da uwargida: yana tsintar goro yana ƙirga ƙwarya, kunnensa na cikin gida. Ranar ganin likita kuwa babu ciniki sam, yini ne ya tafi.

Abin da muke so mu ja hankali a kai shi ne jari. Maganin hawan jini da na suga ba na mako guda ba ne, yawanci har ƙarshen rayuwa ne, ba a kuma daina shi don an ji sauƙi. Addu'a muna yi, kada mu fasa, amma tare da magani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na kaya suka hau, mai jinya sai ya fara ɗibar uwar kuɗi. Wata uku, huɗu, kasko ya kife. Daga nan babu magani, babu abinci, sai a cire yarinya daga Islamiyya a ɗora mata talla, wannan kuwa ciwo ne na biyu.

A nan ne mu maƙwabta muka shigo. Dubiya tana da lada, amma a ganinmu dubiyar da mutum biyar za su cika ɗaki, mai jinya ta bar aikinta tana kawo ruwa, ƙarin nauyi ce. Gara mace ɗaya ta zauna da majinyaciya awa biyu, ko namiji ya zauna da ɗan'uwansa, mai jinya ta samu ta je Bodija sayen wake, ko ma ta yi barci. Wanda zai zauna ya san abu ɗaya: in mai ciwon suga ya kama rawar jiki da gumi bayan allura ko ƙwaya, kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take, a kira mai gidan. Sannan mu saya a wurinsu, mu biya hannu da hannu. Don Allah ban da cin bashi a gidan da ake jinya.

Muna roƙon ƙungiya abu biyu. A tsara zaman karɓa-karɓa layi-layi, maza daban, mata daban. Iyayen adashi kuma su yarda a ba mai jinya ɗauka da wuri idan ya nema. Magatakarda zai karɓi sunayen masu niyya bayan sallar la'asar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.